Ɗurin Yatsa Huɗu

Idan ka sauka daga keke a Trikania ka ce a nuna maka shagon Alexander, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Baba Kafinta, ko mai tuyar awara za ta miƙa maka hannu: can gindin mangwaro, inda kake jin zarto da waƙar coci suna tafiya tare. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, shekararsa sittin da shida. Fensir ba ya barin bayan kunnensa, har ranar Lahadi sai matarsa Phoebe ta zare masa shi a ƙofar coci.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana ɗan shekara ashirin, da akwatin kwano da tabarma. Ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi har mota ta rasa hanya. A nan ya haɗu da Ɗahiru, injinsu na kusa da juna. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da gira da alamar hannu suka ƙulla abota, sai da suka yi wata guda kafin kowa ya san muryar ɗan'uwansa sosai. Da masaƙa ta rufe, wasu baƙin ciki ya kwantar da su. Alexander ya sayi zarto da guduma, Ɗahiru ya sayi keken ɗinki, kowa ya kama gabansa.

Kuma wallahi ba su yi asara ba. Alexander ya gina ɗaki uku da tsakar gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, tuwon acca ba ya yanke masa. In ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce, "Muddin mutane na zama, kujera za ta karye. Me zan ce wa Allah ban da godiya?" Kullum bayan la'asar za ka ji tsohon mashin yana tari daga wajen Makera. Malam Ɗahiru ke nan, ya zo ya zauna a bencin da aka yi dominsa, su ɓare gyaɗa su yi ta tsokanar juna. Shi yana kiran Alexander Sarkin Ƙusa. Alexander kuwa Alhajin Baɗi yake ce masa, don shekara goma sha biyar ke nan Ɗahiru yana cewa baɗi zai je Makka.

To amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai abu ɗaya da Baba Kafinta ya haɗiye, shekara ashirin da huɗu bai narke ba, kuma abin yana saman kansa, cikin silin ɗin ɗakinsa, naɗe a tsohon bargo. Adaka ce, doguwar bindigar maharba da ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ta mahaifinsa ce. Shi bai taɓa son harbi ba, ya taho da ita birni ne kawai don gindinta ya sha zufar hannun tsohon.

Ranar da rikicin shekara ta dubu biyu ya ɓarke, da rana tsaka, hayaƙi ya turnuƙe ta ko'ina, ihu kuma yana matsowa layi-layi. Alexander ya tura Phoebe da yara ƙarƙashin gado, ya sauko da adaka ya ɗura, ya durƙusa yana fuskantar ƙofa. Can sai aka buga ƙofar da ƙarfi. Ta tsagar katako ya hango farar riga da hula. Ya saita, ya ɗora yatsa a kan kunama, ya fara ja. Sai ya ji murya: "Alek, ni ne! Buɗe don Allah, sun biyo ni!" Ɗahiru ne. Alexander ya cusa bindigar bayan buhun masara, ya zare sakata. Kwana uku Ɗahiru ya yi a gidan nan kafin ya samu hanyar komawa wajen iyalinsa.

Tun daga ranar babu suna, babu biki, da Ɗahiru ba zai miƙe ya nuna shi ba ya ce, "Kun ga wannan gajeren? Bayan Allah, shi ya ba ni raina. Ko tambayar waye bai yi ba ya buɗe." Alexander sai ya sunkuyar da kai. Mutane su ce kai, Baba Kafinta akwai kunya. Ba su san tsoro ba ne. Tsoronsa ɗaya a duniya, kada ranar ta zo da Ɗahiru zai san abin da ke bayan ƙofar nan, ya tashi daga bencinsa bai ƙara dawowa ba.

Ɗurin kuwa yana nan a ciki. Adaka in ta ci ba ta amai sai ta baki, abin da mahaifinsa ya koya masa ke nan: ka ɗura, to ka harba, ko da sama ce. Wa zai harba bindiga a Trikania a waɗancan kwanaki? Ya ce bari a kwana biyu. Kwana biyu ya zama wata, wata ya zama shekara, har ya daina kallon silin.

'Yarsa ta biyu, Judith, malamar firamare ce a Nasarawa, kuma ita ke jan ragamar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwanni, Kirista da Musulmi. A ɗakin taron coci suke gwaji. Duk wani abin katako da aka gani a dandamalinsu, aikin Baba Kafinta ne: karagar sarki, takubba, har da jirgin Nuhu da ya ƙi shiga ƙofa sai da aka raba shi biyu. Ɗahiru ke ɗinka musu kaya, daga baya suka ja shi cikin wasan, don duk saurayin da aka liƙa wa gemun auduga sai ya faɗo a tsakiyar magana, shi kuwa nasa na Allah ne.

Wasan bana a kan bindiga Judith ta rubuta shi. Wani ƙauye ne hukuma ta ce kowa ya miƙa bindigarsa, matasa suka tashi karɓa gida-gida, wani tsoho ya ce sam. Ta rubuta komai ban da ƙarshe, domin ƙungiyar ta rabu biyu: tsoho ya miƙa, ko kada ya miƙa? Gardamar ta bi su har gindin mangwaro.

"Baba Ɗahiru," in ji Judith, "bindiga a gida maciji ce a ɗaki. Ba ɓarawo take fara sara ba. A makarantarmu akwai yarinyar da yayanta ya ɗauki ta babansu yana wasa, har yau tana ɗingishi."

"'Yata, na ji," in ji Ɗahiru. "Amma ƙanena na ƙauye ya miƙa tasa, yanzu a gidana yake da 'ya'ya bakwai. Waɗanda suka koro shi, wa suka miƙa wa tasu? Ki fara karɓe ta kura, sannan ki zo kan akuya."

Clinton, wani dogon direban keke da ke fitowa a shugaban matasa, ya ce gaskiya Baba ya faɗi gaskiya. Da Judith ta mayar da martani, ya ce gaskiya Malama ma ta faɗi gaskiya. Shi duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi ne nasa. Suka juyo ga Alexander, suka ce Baba kai fa?

"Ni katako na sani," ya ce, ya ci gaba da yanka.

Ya sassaƙa musu bindiga kuwa mai kyau, ya goge ta da man takalmi har tana sheƙi. Sai dai ba ta da nauyi. Clinton in ya riƙe ta sai ya riƙa juya ta kamar muciya, 'yan gwaji su yi ta dariya a wurin da ya kamata a yi tsit. Judith ta yi ta ƙorafi. Ranar wata Asabar da safe, Alexander ya tafi kasuwar katako, ita kuma ta tuna da bindigar kakanta da ta taɓa jin labari. Ta hau tebur, ta ɗaga silin, ta sauko da ita.

Kada a ce ba su duba ba, sun duba. Clinton, wanda duk iliminsa na bindiga daga fim ya samo shi, ya juya ta sama da ƙasa yana neman inda ake saka kwanson harsashi. Bai gani ba. Ya girgiza ta a kunne, bai ji motsi ba. Ya ce, "Fanko ce, Malama. Wannan ai ta mutu tun kafin a haife mu." 'Ya'yan birni ke nan! Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa irin wannan a can ƙasan cikinta take ajiye abincinta.

Wajen sha biyu Alexander ya dawo. Phoebe tana tankaɗe ta ce masa, "Af, Baban Judith, 'yarka ta ɗauki tsohuwar bindigar nan, wai ta katakon ba ta yi ba." Ita a zatonta tun tuni ya zubar da ɗurin. Ya juya ya fita. Mutanen layin har yau suna labarin ranar da suka ga Baba Kafinta yana gudu, shi da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba.

Da ya kai ƙofar ɗakin taro, ga abin da ya tarar. Ɗahiru yana tsaye a dandamali cikin rigar tsoho, ya buɗe hannuwa yana faɗin maganarsa ta wasa: "Kun ƙwace ta, to harba mana! Harba in ka isa!" Clinton kuwa ya ɗora bakin adaka daidai ƙirjinsa, yatsa a kan kunama.

Alexander bai yi ihu ba. Ɗan maharbi ne, ya san ihu ke sa yatsa ya zabura. Ya taka a hankali ya hau dandamali, ya sa tafin hannu ƙarƙashin bakin bindigar ya ɗaga shi sama, sannan ya ce, "Clinton, cire yatsanka. A hankali." Da ya karɓe ta, sai ya zauna a karagar sarki da ya ƙera da hannunsa.

"Haba Baba," in ji Judith, "ai babu komai a ciki. Mun duba."

Da zai iya, da ya naɗe ta ya tafi gida shiru. Amma Ɗahiru ya ga yadda ya ƙi sauke bakinta daga sama. Shi kuma ɗan gidan maƙera ne, a gaban ubansa ya girma yana ganin ana gyara wa maharba irinta. Ya miƙa hannu ya zare sandar ɗuri daga ƙarƙashinta, ya gwada tsawonta ta waje, sannan ya zura ta ciki. Sandar ta tsaya ba ta shige duka ba. Ya jera yatsunsa a kan abin da ya rage a waje: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Clinton ya ce, "Yesu!" ya sulale ƙasa.

"Biyu na zabuwa ne," in ji Ɗahiru, da sauran murmushi a bakinsa, "uku na barewa. Huɗu fa, Sarkin Ƙusa? Gadu ya shigo Trikania ne ban ji labari ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alexander ya ce, "Ranar da ka buga min ƙofa na ɗura ta."

"Kafin na buga ko bayan na buga?"

"Kafin. Amma da ka buga na hango hularka ta tsaga. Ban san kai ne ba. Na saita, Ɗahiru. Na fara ja. Muryarka ce ta riga yatsana."

Ɗahiru ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire rigar wasan, ya ninke ta tsaf yadda tela ke ninkewa, ya ajiye a kan kujera, ya fita. Suna ji mashin ya yi tari ya tafi.

Kwana tara bencin nan ba kowa. Alexander yana buɗe shago, yana aiki, amma waƙa ta ɗauke. Judith ta zo ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri, ya ce ta tashi, laifin wanda ya ajiye ne, ba na wanda ya ɗauko ba. Don kada hannunsa ya zauna, ya huda bindigar katakon ya zura mata rodi a ciki, ta yi nauyin da ake so. Sau biyu yana hawa keke zuwa Makera, sau biyu yana tsayawa a tsallaken titi yana jin ƙarar keken ɗinki, ya juyo. Phoebe kuwa ba ta raga masa ba.

"Kai a ganinka bindigar ce ta ƙona masa rai?" ta ce. "Mutum ya yi shekara ashirin da huɗu yana yabonka a gaban jama'a, kana ji kana sunkuyar da kai. Ko ni da muke kwana ƙarƙashinta ba ka gaya wa ba! Allah dai ya tsare mu, ba wayonka ba."

Ya san ya yi rashin aboki, kuma ya san shi ya jawo. Abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Rana ta goma, bayan la'asar, sai ga tarin mashin. Alexander ya ajiye guduma ya miƙe tsaye kamar ɗan makaranta. Ɗahiru ya sauko da buta a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da wata doguwar waya mai murɗaɗɗen baki. Ya yi sallama, aka amsa. Bai zauna a benci ba, ya wuce tsakar gida.

"Ɗauko ta," ya ce.

Alexander ya ɗauko. Ɗahiru ya jingina ta da bango, bakinta sama, ya ce kowa ya matsa. Ya yi bisimilla, ya karkata butarsa ta alwala ya riƙa tsiyaya ruwa a bakin adaka har ta cika ta tumbatsa, ya kuma jiƙa ƙaramar kafar da wuta ke bi. Sannan ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"Mahaifinka maharbi ne, harbi kaɗai ya sani," ya ce. "Nawa maƙeri ne. In maharbi ya mutu ya bar ɗuri a ciki, gidanmu ake kawowa. Ruwa ake ba ta ta sha ta ƙoshi. Da ka buɗe baki ka tambaye ni, da tun Judith tana firamare an wuce wurin."

"Ta yaya zan tambaye ka?"

"Da baki mana, da me ake tambaya?"

Suka zauna suna jiran ruwa ya ratsa. Phoebe ta kawo kunu ta ajiye ta koma bakin ƙofar ɗaki, Judith na gefenta.

"Na yi fushi, Alek," in ji Ɗahiru. "Kwana uku ko ɗinki na karkace min. Na ce ashe mutumin nan kashe ni ya tashi yi. To amma duk ta inda na biyo, wuri ɗaya nake fitowa. Yatsa ɗaya ne ya fara ja. Hannu guda kuma ya zare sakata, alhali ka san masu bina suna bayana, ga 'ya'yanka ƙarƙashin gado. Ni a da na ɗauka ba ka ji tsoro ba ne. Ashe ka ji, ka kuma buɗe." Ya kurɓi kunu. "Abin da ban yafe ba tukuna, ka bar ni ina yawo da rabin labari kamar sakarai. Daga yau cikakke zan riƙa ba da shi, a suna da biki, ka ji kunya ko kada ka ji."

Daɗi da kunya suka haɗu suka cika wa Alexander ƙirji, ya sa bayan hannu ya share ido.

Da awa ta cika, Ɗahiru ya zura wayar ya murɗa, ya murɗa, ya jawo. Wani ruɓaɓɓen tsumma ya fito. Ya kifa bindigar a kan tsohon faranti ya bubbuga gindinta. Baƙin taɓo ya zubo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan ƙwal, ƙwal, guntayen ƙarfe biyar, kowanne kamar ƙwayar gurjiya. Ya zura sandar ɗuri, ta shige har ƙarshe.

Judith ta matso a hankali. "To Baba Ɗahiru, yanzu ka yarda tsohon ya miƙa?"

"Wa ya gaya miki? Ina nan kan bakana. Kada ya miƙa."

"Ni kuwa tawa miƙa ta zan yi," in ji Alexander. Karo na farko ke nan da aka ji bakinsa a gardamar. "Ranar Litinin. Mai unguwa zai raka ni."

"Ka ji Sarkin Ƙusa! Gadon ubanka? Yanzu da ba ta da ko tari?"

"Na riƙe ta sau ɗaya da niyya, Alhajin Baɗi, na ga abin da na zama. Ya ishe ni."

"To ai shi ke nan, in 'yan fashi sun zo sai ka auna su da fensir."

Suka kaure, wannan na faɗa wancan na faɗa, har Phoebe ta ce su rage murya maƙwabta za su ɗauka dambe ake. Judith ta ɗauki littafinta tana rubuta abin da suke faɗa da sauri.

Da zai tafi, Ɗahiru ya tsuguna gaban farantin, ya tsince ƙarafan nan biyar, ya ɗauraye su da sauran ruwan buta, ya ƙulle a hankici ya jefa aljihun gaba.

"Me za ka yi da su?" in ji Alexander.

"Nawa ne. Ƙirjina aka auna da su." Ya dafa aljihun. "Ga su sun iso inda aka aiko su, kuma ga ni a tsaye. Zo ka tura min mashin ɗin nan, ka san ba ya tashi da kansa."

Baba Kafinta ya bi shi waje ya kama bayan mashin, yana turawa yana kuka, mutanen layi suna yi masa sannu sun ɗauka nauyi ne ya yi masa yawa.